Wa Ke Da Alhakin Lungunmu? Waiwaye Kan Gyaran Hanyoyin Birnin Katsina



An umarce mu da mu yi magana a kan tarihin hanyoyin garinmu. Wataƙila wani ya tambaya, me ya haɗa mai alli da kwalta? Amsar tana cikin rajistar ajinmu. Duk shekara a watan Yuli, daidai lokacin da jarrabawar zango na uku ke gabatowa, mukan kira sunaye da safe mu ji shiru a wurare da dama. In muka bi sawu, sai a ce ruwa ya cika lungu, uwa kuwa ta ƙi sakin ɗan aji ɗaya ya ratsa kwata. Ba mu ga laifinta ba. Abin da muke so mu duba tare shi ne yadda garin da ya daɗe da sanin gyara ya wayi gari lungunsa ba shi da mai shi.

Ganuwa na cikin manyan ayyukan jama'a na farko da Katsina ta sani. Har yau muna kwatance da ƙofofinta: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa, Ƙofar Ƙwaya da Ƙofar 'Yanɗaka. Ganuwar ta ƙasa ce, kuma duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san cewa gini irin wannan ba ya tsayawa sai da yaɓe. Kowace damina tana cin rabonta, bayanta kuma sai a yi gayya a mayar da abin da ruwa ya ci. Magabatanmu sun san cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙasar ginin kuwa daga cikin gari ake haƙo ta, ramukan da aka bari suka zama kududdufai. Su ne suka riƙa karɓar ruwan sama daga lunguna, har ya zama kowace unguwa ta san inda ruwanta yake tafiya.

A 1903 Turawa suka shigo. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya riƙe sarauta daga 1906 zuwa 1944, aka tsara mulkin En'e, kuma Katsina na cikin masarautun farko da aka kafa wa baitulmali. Daga nan aka fara rubuta abin da ya shigo na haraji da jangali, da abin da zai fita na albashi da ayyuka. Jirgin ƙasa ya isa Kano, daga baya ya bi ta Funtuwa zuwa Gusau, amma bai zo birnin Katsina ba. Saboda haka hanyar mota ta zama jijiyar garin: ta nan gyaɗa da fatu suke fita, ta nan kayan kanti suke shigowa. Hanyoyin na burji ne, ba sa jure sakaci ko na damina ɗaya. En'e tana da sashen ayyuka da leburorinta masu zuba marmara da yashe kwalbati, tana da duba-gari mai shiga gida gida yana leƙa randa da kwata. Ko Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922 don horar da malamai, da ƙasa aka gina ta. Da ba a riƙa yaɓe ta ba, da yau ba mu da gidan tarihin da muke kai ɗalibanmu.

Ba za mu yi wa wancan zamani kwalliya ba. An yi wasu hanyoyin da aikin tilas, an fitar da fursunoni shara, kuma talaka ya sha wuyar haraji. Ba ma fatan komawa can. Abu ɗaya kawai muke ɗauka daga gare shi: idan kwalbati ya toshe, an san wanda za a kira, shi ma ya san za a kira shi.

Daga nan sai sauye-sauye suka biyo juna. Bayan ƙirƙiro jihohi a 1967 aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. A 1976 aka yi garambawul ɗin da ya kawo ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk Nijeriya. Gwamnatin Balarabe Musa ta tsohuwar Jihar Kaduna, wadda ta hau a 1979, ta soke haraji da jangali, talakawa suka yi murna, kuma suna da hujja. Sai dai tun daga wancan zamani kuɗin gyara ya koma saukowa daga sama, daga rabon arzikin man fetur. A tsakiyar shekarun 1980, zamanin yaƙi da rashin ɗa'a, aka tilasta wa kowa fitowa shara ranar Asabar ta ƙarshen wata. Ranar 23 ga Satumba, 1987, Katsina ta zama babban birnin jiha. Gari ya tsallake ganuwa, aka shimfiɗa tituna masu hannu biyu, aka cike kududdufai da dama aka yi gini a kansu. Ruwa kuwa bai manta tsohuwar hanyarsa ba.

Yau hanyoyinmu kashi uku ne. Wadda ta taso daga Kano ta wuce Jibiya ta tarayya ce. Manyan titunan cikin gari na jiha ne. Lunguna da magudanansu kuwa, Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora su a kan ƙaramar hukuma, tare da fitilun titi da kwashe shara. Abin lura shi ne, wannan jadawalin ne kuma ya ba ta hannu a kula da ilimin firamare. Ashe albashinmu da kwalbatin ƙofar makarantarmu daga tukunya ɗaya suke ci. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Duk yadda aka aiwatar da shi, kada mu yarda a ce mana mu zaɓa tsakanin albashi da gyaran lungu. Malamin da aka biya yana bukatar ya tarar da yara a aji, yaran kuma ta lungun nan za su biyo.

Mu kuma duba namu laifin, don idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kwalta ba ta da maƙiyi kamar ruwa. Idan magudana ta cika da leda da yashi, ruwa yakan kwanta a kan titi, ya shiga ta 'yar tsaga, ya jiƙa marmarar da ke ƙarƙashi. Babbar mota ɗaya ta bi ta kai, sai rami ya buɗe. Ledar nan daga gidajenmu take fitowa, wata ma daga harabar makarantunmu bayan an tashi tara. Sabon titi yana da bikin buɗewa da allon suna. Yashe kwata ba shi da ko ɗaya, shi ya sa kowa ke barin sa ga wani.

Muna kawo wa reshe shawara uku. Ta farko, kowace makaranta ta rubuta lungunan da ɗalibanta ke bi da wuraren da ruwa ke kwanciya, ta miƙa takardar ga mai unguwa da kansila ta hannun kwamitin kula da makaranta, tun kafin watan Mayu ya fita. Ta biyu, shugabanninmu su nemi ganin abin da aka ware wa gyara a kasafin kuɗi, dabam da na sabon aiki, su karanta mana shi a taro irin wannan. Ta uku, idan unguwa ta yi gayyar yashe kwata, mu manya mu fito da shebur da kwando. Kada a sa yaro ya shiga lambatu da sunan tsabta, domin amana aka ba mu.

Waɗanda suka yaɓe ganuwa shekara bayan shekara ba mu san sunayensu ba, amma ƙofofin da suka tsare su muke kwatance da su har yau. Muna fatan idan Yuli ta zo muka buɗe rajista, kowane suna muka kira mu ji an amsa. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mana 'ya'yanmu a hanya.