Lacca: Ginin Tukwane a Kwalejojin Ƙasar Nan



A 1975 aka gano mutum-mutumin yumɓu na Bura a yammacin Nijar, aikin mutanen da suka shuɗe ƙarnuka da dama. Har yau ana gina tulu da randa a Bubon da Mirya. Amma yaro kan gama kwaleji a Damagaram bai taɓa murza yumɓu a aji ba. Hujjar da ake bayarwa ita ce babu kuɗin kayan aiki.

Hujjar ta tsaya ne ga fenti da takardar zane na waje, waɗanda suka yi tsada bayan karya darajar sefa a 1994. Yumɓu kuwa ba ya bi ta duwan. Bukatar kaɗan ce: rumfa, amalanken ɗauko laka, kara da kashin shanu na gashi, sai ladan maginiya mai koyarwa.

Darasin ya wuce ado. Randa na sanyaya ruwa domin raɓar da ke tsatsowa kan bushe ta tafi da zafi. Kimiyya ke nan. Da wannan dabara malami Mohammed Bah Abba na Jigawa, a Najeriya, ya sa tukunya cikin tukunya don adana kayan miya, ya samu kyautar Rolex a 2000.

Saboda haka kowace ƙungiyar ƴan kasuwa ta ɗauki nauyin kwaleji guda, kuɗin su shiga hannun kwamitin iyaye, a karanta lissafi a bainar jama'a kowace shekara. Ma'aikatan ilimi su ware wa darasin lokacinsa. In an yi sake, roba za ta kori randa, sana'ar ta bi tsofaffi kushewa.