Zaƙi Baiwa Ne, Amma da Ma'auni

Jawabi ga dattawa da membobin ikkilisiya a Dogon Dawa

Yau za mu yi magana a kan wani abu ƙarami wanda ba ya rasa kowane gida, wato sukari. Wani zai ce, ina ruwan majami'a da sukari? Amsar tana cikin 1 Korantiyawa sura 6, inda Manzo Bulus ya koya mana cewa jikinmu wurin zaman Ruhu Mai Tsarki ne. Abin da muke zubawa a cikinsa kuwa, dole ikkilisiya ta kula da shi.

Da farko mu gode wa Mahalicci, gama zaƙi aikin hannunsa ne. Ganyen tsiro yana karɓar hasken rana, da ruwa, da iska, ya haɗa sukari, ya ajiye. Rake ya tara nasa a cikin kara. Ɗorawa, da ɗinya, da kanya, da kaɗanya na dajin nan namu sun tara nasu a cikin 'ya'ya. Fure kuma yana ba ƙudan zuma ruwan zaƙi, su kuwa suna ɗaukar ƙurar fure daga wannan zuwa wancan, ta haka itatuwa da yawa suke samun 'ya'ya. Saboda haka mai cinna wa daji wuta domin ya ci zuma sau ɗaya, ya rage wa kansa da maƙwabtansa abincin baɗi.

Mu masu bi a ƙasar Hausa muna da tarihi da rake. Bayan 1913, waɗansu daga cikin Isawa da suka karɓi bishara sun kafa ƙauye a Gimi, ƙasar Zazzau, ƙarƙashin mishan na CMS. Mai kula da su, Rabaran W. A. Thompson, ya fito daga tsibiran Karibiyan, inda aka kai bayi daga Afirka domin noman rake. Ya koya musu matse rake da dafa ruwansa. Ciwon barci ya watsa ƙauyen, amma sana'ar mazarƙwaila ta zauna a ƙasar Zazzau. Farin sukarin da muke saya a shago kuwa, yawancinsa ɗanye ake kawowa daga Burazil, a tace shi a Legas. Ko da yake akwai gonakin rake na kamfani a Numan, abin da ƙasarmu take nomawa bai kai abin da take sha ba.

To, ina matsalar take? Kakanninmu suna shan rake, amma kafin mutum ya gama kara ɗaya muƙamuƙinsa ya gaji. Yanzu an cire wahalar, an bar zaƙin. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada babban mutum ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 a yini, in ma ya tsaya a 6 ya fi. Wannan lissafi ya haɗa da na shayi, da na koko, da na kunun zaƙi, da zoɓo, da zuma. Kwalbar lemo baƙi ɗaya mai santilita 35 tana ɗauke da kusan cokali 9. Wanda ya sha biyu a wurin biki ya riga ya zarce ma'aunin yini, tun bai taɓa shayin safe ba. Malta ma da muke kai wa marasa lafiya cike take da sukari. Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha, amma haraji ba ya shiga ɗakin girki. Mu ne muke shiga.

Mu faɗi gaskiya yadda take. Ba sukari kaɗai yake kawo ciwon sukari ba. Akwai gado, akwai ƙiba, akwai rashin motsa jiki, akwai kuma irin da yake kama yara ba tare da laifin abinci ba. Kada mu nuna wa mai ciwo yatsa. Amma yawan shan zaƙi yana ƙara ƙiba, yana ɓata haƙora, yana kuma buɗe wa ciwon ƙofa. Alamunsa su ne yawan ƙishirwa, yawan fitsari da dare, rama ba dalili, gani dishi-dishi, da gyambon da ya ƙi warkewa. Kun san halin hanyoyinmu, ko ta Funtuwa ko ta Birnin Gwari zuwa Kaduna. Kun san abin da rashin tsaro ya yi wa gonakinmu da aljihunmu. Ciwon da yake neman magani kowace rana har ƙarshen rai, nauyi ne babba ga iyali a wuri irin namu. Rigakafi ya fi magani.

Duk da haka sukari yana ceton rai. In yaro yana zawo, babu ƙunshin ORS a kusa, a tafasa ruwa lita ɗaya ya huce, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, ana neman ma'aikacin lafiya. Haka kuma mai shan maganin ciwon sukari, in ya fara rawar jiki da gumi don bai ci abinci ba, a ba shi abu mai zaƙi nan da nan muddin yana cikin hayyacinsa. Irin waɗannan 'yan'uwa su nemi shawarar likita kafin su shiga azumin ikkilisiya. Jaririn da bai cika shekara ba kuwa, kada a ba shi zuma.

Littafin Karin Magana sura 25 ya gargaɗe mu har sau biyu game da wuce gona da iri wajen shan zuma. A Fitowa sura 16, manna tana da ɗanɗanon zuma, amma waɗanda suka ƙi bin ma'auni suka ajiye saura, sun wayi gari ta yi tsutsa. Kamewa kuma tana cikin 'ya'yan Ruhu.

Saboda haka muna kawo wa dattawa roƙo uku. Na ɗaya, a bikin aure, da godiyar kaka, da Kirsimeti, mu cire wa mai gida kunyar rashin tara akwatunan lemo. Mutane suna cin bashi don kada a ce sun gaza. In dattawa suka fara karɓar ruwa mai tsabta da kunu mai ɗan zaƙi da farin ciki, saura za su bi. Na biyu, malaman makarantar Lahadi su sauya alewa da gyaɗa, ko lemon zaƙi, ko mangwaro a lokacinsa. Na uku, kowace ikkilisiya ta gayyaci ma'aikacin lafiya ya auna sukari da hawan jini na manya, ko da sau ɗaya a shekara, mu kuma kira maƙwabtanmu Musulmi su amfana tare da mu.

Kalma ta ƙarshe ga masu ciwon. Za mu yi muku addu'a, gama mun gaskata Ubangiji mai warkarwa ne. Amma kada wani ya sa ku jefar da magani da sunan bangaskiya. Allahn da yake jin addu'a, shi ne ya ba likita sani.

Ubangiji ya ba mu hikima, ya tsare shigarmu da fitarmu, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.