Wa Ke Jinyar Mai Jinya?



An umarce ni in yi bayani a kan inshorar lafiya, tun da aikin jinya nake yi. Jama'a da dama suna zaton mu ma'aikatan asibiti kyauta muke shan magani. Ina! Da kati muke ganin likita kamar kowa.

An kafa dokar shirin NHIS a 1999, amma sai a 2005 ya soma aiki ga ma'aikatan Gwamnatin Tarayya. Katin ya ɗauki ma'aikaci da matarsa ɗaya, ko ma'aikaciya da mijinta, da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kuma kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani kawai ake biya. Ga mai hawan jini wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Amma mai mata biyu da 'ya'ya tara, to, Malamin Lissafi yana nan, sai ya taya mu.

Waɗanda suka fi damuna su ne masu shara da masu wankin zannuwan majinyata. Su ke kwashe allurai da auduga mai jini, ga ciwon hanta, ga zazzaɓin Lasa, alhali da yawansu kamfani ne ya ɗauke su kwantaragi, ba su da kati. Dokar 2022 ta wajabta inshora a kan kowa. Saboda haka ina roƙon 'yan ajinmu da ke shugabancin asibitoci, kafin ku sa hannu a kwangilar shara, ku nemi ganin katin leburorin.