"Ban Sani Ba" Ma Ilimi Ne: Jawabi ga Matasa Kan Ruhu, Shakka da Ilhama



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya tara mu lafiya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Malamaina, iyayena, shugabannin ƙungiya, da ku ƴan'uwana samari da ƴammata da kuka taho daga Maraɗi, Damagaram, Tawa, Yamai da garuruwan da ke tsakani, sannunku da hanya.

A rana irin wannan ta tunawa da kafuwar ƙungiya, an saba lissafa abin da aka yi da abin da aka koya. Ni kuwa ƴan mintocin da aka ba ni ina so in kashe su a kan abin da ba mu sani ba, alhali shi ya fi komi kusa da mu, wato mu kanmu.

Ɗan'uwa, wane ne wannan da ke cikinka yana sauraren maganata yanzu? Kunne ya ɗauki sauti, to wa ya ji? Daren jiya da ka yi barci, ina ka tafi, kuma wa ya komo da asuba ya ce "ni ne"? Bahaushe yana da kalmar abin: idan mutum ya suma sai mu ce ya fita hayyacinsa, in ya farfaɗo mu ce ya komo hayyacinsa. Ƴan tarminal da ke cikinku kun haɗu da shi a darasin filozofi da sunan konsiyans. An karantar da ku Descartes, Bafaranshen da ya fitar da littafinsa a 1637, wanda ya yi shakkar komi har ya tsaya a kan abu guda: mai shakkar nan dai yana nan. Da yawa daga cikinku kun fito daga ajin da tambayoyin da ba su ƙare da jarrabawar bak ba. Wani ya ji tsoron kai su wurin malam, kada a ce ya lalace. Ya riƙe su shi kaɗai, suna cin shi. Ƙarshe ko dai ya yanke cewa addini ba shi da amsa, ko ya yanke cewa tunani kansa zunubi ne. Duk biyun asara ce, kuma saboda wannan asarar nake maganar yau.

Mu fara da Alƙur'ani. An tambayi Annabi (SAW) game da ruhu, amsar ta sauka a Suratul Isra'i, aya ta 85. Ku koma gida ku karanta ta da tafsiri. Abin da za ku tarar shi ne Allah Ya mayar da al'amarin ruhu ga Kansa, Ya kuma tuna wa ɗan Adam ƙarancin ilimin da aka ba shi. Ba a tsawata wa kowa don ya yi tambaya ba, amma an nuna iyaka.

Ko masu binciken zamani sun tsallake iyakar nan? Sun gano abubuwa masu ban mamaki. Sun ƙiyasta ƙwayoyin jijiyar da ke cikin ƙwaƙwalwar mutum sun kai kimanin miliyar 86. Tun 1846, a birnin Boston na Amurka, likitoci suka nuna wa duniya ana iya gusar da hayyacin mutum a yi mishi fiɗa bai ji zafi ba, sannan ya farka. Na'ura tana iya nuna wane sashe na ƙwaƙwalwarka ke aiki lokacin da ka kurɓi shayin farko a fada. Amma ɗacin nan kamar yadda kai kake jin shi, me ya sa akwai mai ji, ba aikin jijiya kawai ba? A 1995 wani masanin falsafa ɗan Ostiraliya, David Chalmers, ya fitar da rubutu ya kira wannan "matsala mai wuya", kuma har yau masana na jayayya a kanta. Tun kafin su, Ibn Sina, da ya rasu a 1037, shekara 600 cif kafin littafin Descartes, ya ce ka ƙaddara an halicci mutum nan take yana reto cikin iska, ba ya gani, ba ya ji, ba ya taɓa ko da jikinsa: duk da haka zai san yana nan. Kun ga tambayar taku ba baƙuwa ba ce a gidan Musulunci.

To in ba mu san haƙiƙar ruhu ba, mu ji kunya? Mu mutanen ƙasar nan mabiya mazhabar Imamu Malik ne, malamin Madina da ya rasu a 179 bayan Hijira. An ruwaito an taɓa yi mishi tambayoyi 48, ya amsa 32 daga ciki da "ban sani ba". An kuma ruwaito wani ya yi tafiyar wata shida da tambaya daga mutanen garinsu, Malik ya ce ya koma ya shaida musu Malik bai sani ba. Ku gwada wannan da abin da muke gani a salula yau. Kowa mufti, kowa mai fassarar mafarki, ba wanda ke cewa "bari in bincika". Rashin sani ya fi dare duhu, gaskiya ne, amma wanda ya san dare ne ya fi tsira, domin shi zai nemi fitila.

A nan ku lura da kyau, kada a ce na ce. Akwai abin da ke tabbatacce: Allah ɗaya ne, Annabi gaskiya ne, salla wajibi ce, zalunci haramun ne. Wannan shi ne turken. Akwai kuma abin da aka ɓoye mana: haƙiƙar ruhu, abin da gobe za ta zo da shi, hikimar wata jarrabawa da ta same ka, yadda ƙarshenka zai kasance. Wanda ya riƙe turke da kyau ba ya tsoron igiya ta yi tsawo.

Wani zai ce, "Malam, ni ba ruhu kaɗai ba, wani lokaci shakka kan taɓa har turken." Saurara. Imamu Gazali, da aka haifa a Tus a 1058, ya ba da labarin kansa a littafinsa Al-Munƙizu minad Dalal. Ya duba ido ya ga yana ruɗi: inuwa kamar a tsaye take alhali tafiya take, tauraro kamar ƙwandala alhali ya fi ƙasa girma. Ya duba hankali ya ce, mai mafarki ma yana gaskata abin da yake gani sai ya farka, to wa ya tabbatar mini ba wata farkawa a gaba? Kusan wata biyu yana cikin wannan hali. Shi da kansa ya ce ba jera hujjoji ne ya fid da shi ba, wani haske ne Allah Ya jefa a zuciyarsa. Daga baya, a 1095, yana babban malamin makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai wajen 300 na zaune gabansa, harshensa ya ƙi motsi. Ya bincika niyyarsa ya ga neman suna ya shiga ciki. Ya bar kujerar, ya nufi Dimashƙa da Ƙudus da Makka, ya yi shekara kusan goma yana gyaran zuciya. Daga wannan tafiyar Ihya'u Ulumid Din ya fito, littafin da malamanmu ke karantarwa a zaure har yau.

Ko Annabi Ibrahimu (AS), a Suratul Baƙara aya ta 260, ya roƙi a nuna mishi yadda ake rayar da matattu, yana mai imani, don zuciyarsa ta ƙara natsuwa. A Sahihu Muslim kuma, wasu sahabbai sun kai kuka cewa suna jin wasu tunane-tunane da ba za su iya furtawa ba. Annabi (SAW) ya nuna musu cewa ƙyamar da suke yi wa abin ita kanta alamar imani ce. Don haka ƴar'uwa, in tambaya ta hana ki barci, ba ki fita daga addini ba. Matambayi ba ya ɓata.

Yanzu mu zo ga ilhama, wato abin nan da ke faɗo maka a zuciya ba ka san ta ina ya biyo ba. Mun san shi a rayuwar yau da kullum. Tsohon manomi ya shaƙi iska ya ce ruwa na tafe. Ƴar kasuwa ta dubi tulin hatsi ta faɗi yawan tiyar da ke ciki, a auna a tarar ba ta yi nisa ba: ido ba mudu ba, ya san kima. Madugun ayarin gishiri ya ratsa Tenere zuwa Bilma, inda kai ba ka ganin komi sai rairayi. In ka ce su yi maka bayani dalla-dalla, ba lalle su iya ba. Amma ku lura, ba a rana ɗaya suka samu wannan ba. Shekaru ne na kallo da kuskure da gyara suka taru suka zama ji a jika.

Zuciya ma haka take a sha'anin Allah. A Arba'una Hadisi ta Imamu Nawawi, hadisi na 27, Annabi (SAW) ya umarci sahabi Wabisa da ya nemi fatawar zuciyarsa, ya bayyana mishi cewa alheri shi ne abin da rai ke natsuwa da shi, zunubi kuwa shi ne abin da ke kai-komo a ƙirji. Ya kuma shaidi Sayyidina Umar da cewa in akwai wanda ake yi wa ilhama a al'ummar nan, to shi ne. Ashe addini bai ce ka kashe muryar cikinka ba. Sai dai zuciyar da ake neman fatawarta ita ce wadda aka horar da salla, zikiri, cin halal da faɗin gaskiya. Zuciyar da ta kwana a kan TikTok ta tashi a kan gulma, in ta ba ka fatawa, son ranka ne ya sa rawani.

Ga ma'auni guda huɗu, ku riƙe su.

Na ɗaya, shari'a. An ruwaito daga Abu Sulaimanu Darani, ɗaya daga magabatan masu tarbiyyar zuciya, cewa in wani abu ya faɗo mishi a rai ba ya karɓa sai da shaidu biyu, Alƙur'ani da Sunna. Duk ilhamar da ta ce ka bar salla, ka yanke zumunta, ko ka zubar da jinin wani, ba daga Allah take ba. Kada wani ya ruɗe ku da ƙissar Annabi Musa da Halliru da muke karantawa a Suratul Kahfi ranar Juma'a. Darasinta haƙuri ne da abin da ba ka gane ba tukuna, ba lasisin karya doka ba.

Na biyu, ilhamarka taka ce. Ba hujja ba ce a kan wani. Ba ka da ikon tuhumar maƙwabciya da maita don ka yi mafarki da ita. Annabi (SAW) ya kasa mafarki gida uku: bushara daga Allah, tsoratarwa daga Shaiɗan, da zancen da rai ke yi wa kansa. Gidaje nawa suka rabu saboda an ɗauki na uku a matsayin na farko?

Na uku, shawara da jinkiri. Abin da ke gaskiya ba ya tsoron kwana uku, ba ya tsoron kunnen malami ko na uwa. Wanda ke cewa "yi yanzu, kada ka faɗa wa kowa" shi ne abin tuhuma.

Na huɗu, lafiya. In mutum ya daina barci, yana jin muryoyi, yana ganin ana bin shi, a yi mishi addu'a kuma a kai shi asibiti. Wanda kuma ke neman wata duniya ta hanyar tramol, ya sani ba buɗi ya samu ba, hayyacin da Allah Ya ba shi amana ne yake rushewa.

In ka auna duka, har yanzu ba ka da tabbas, fa? Zaɓen miji ko mata, fannin karatu, tafiya ci-rani ko zama gida? Nan Annabi (SAW) ya koya mana istihara: raka'a biyu, sannan addu'ar da a cikinta bawa ke amsa cewa sani da iko na Allah ne, shi ba shi da su. Ba sharaɗi ba ne sai ka yi mafarki, ba kuma sai ka biya wani jika biyar ya yi maka ba. Ka yi da kanka, ka yi shawara, ka ɗaga ƙafa. Iyayenmu manoma sun riga mu gane wannan. Suna yin binne, su zuba irin hatsi cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Ba su da takardar alkawari daga sama. Sun dubi lokaci, sun dubi alamu, sun yi nasu, sun bar wa Allah nasa. Wani lokaci irin ya ƙone a sake shuka. Amma wanda ya ce sai ya tabbata kafin ya shuka, rumbunsa zai kwana wayam.

A ƙarshe, ina da roƙo ga ƙungiyarmu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da aka haifa a Maratta cikin ƙasarmu ta yau a 1754, ya yi rubuce-rubuce yana yaƙar wasu ɗalibai da ke titsiye talakawa da tambayoyin tauhidi, in sun kasa kawo hujja su kafirta su. Kada mu zama irinsu. Mu mayar da zaman karatunmu wurin da yaro zai ɗaga hannu ya ce "ni fa wannan ya dame ni" ba tare da an yi mishi dariya ko an sa mishi suna ba. Ku shugabanni, in an tambaye ku abin da ba ku sani ba, ku ce "Allahu a'alam, mu je wurin wanda ya fi mu". Yaron da ya ji wannan daga bakinku zai amince da ku ranar da kuka ce "wannan kam na sani". In muka rufe mishi ƙofa, akwai masu jiran shi a intanet da amsar komi, kuma mun san inda wasunsu ke kai ƴaƴan mutane.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani da zuciya mai natsuwa. Ya ba mu haƙuri da abin da Ya ɓoye mana, Ya jiƙan waɗanda suka kafa wannan ƙungiya suka riga mu gidan gaskiya, Ya zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya, Ya ba mu damina mai albarka.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.