Shugaban aiki da kalandarsa

 

Zancenmu na yau na waɗanda jama'a ta ɗora wa aiki ne: shugaban koperatib, magatakarda, ma'aji, shugabar ƙungiyar mata. Ku da kuka iya rubutu yanzu, gobe ku za a zaɓa. To, ku kasa kunne.

Mu tafi gundumar Madarunfa, cikin jahar Maraɗi. Can a Jiratawa akwai filin noman rani da gwamnati ta gyara a farkon shekarun 1980, sama da hekta 500. Ma'aikatar ONAHA, wadda aka kafa a 1978, ita ke ba manoma shawara, amma tafiyar da aikin yana wuyan shugabannin da manoma suka zaɓa. Ruwan daga rijiyoyin burtsatse yake fitowa, famfunan lantarki ke jawo shi. Kowace awa da famfo ya yi yana aiki, kuɗi ne za a biya.

Mene ne aikin farko na shugaba a irin wannan wuri? Shi ne ya san ranakun da ba su ɗaguwa. Taro ana iya ɗaga shi. Biki ma ana iya ɗaga shi. Sanyi kuwa ba ya jiran kowa. Alkama tana son sanyi, kuma tana cin wajen wata huɗu a gona. In an shuka ta cikin Nuwamba, za ta nuna kafin zafi ya yi ƙarfi. In aka yi sake har Janairu, zafin bazara zai tarar da ita tana zuba ido, ƙwayar ta ƙanƙance. Manomi ya biya kuɗin ruwa cif, ya kwashe rabin buhu.

Saboda haka, malam shugaba, ɗauki kaye da alƙalami. Rubuta ranar shuka a ƙasan shafi. Daga nan ka yi lissafi baya-baya, kana hawa sama. Kafin shuka, sai an yi huɗa. Kafin huɗa, sai an yashe hanyoyin ruwa, an duba famfo. Kafin a sayo iri da takin zamani, sai kuɗi ya shiga hannun ma'aji. Kafin kuɗi ya shiga, sai an yi taro an gaya wa kowa abin da ke kansa. Gaban kowane aiki ka sa kwanan wata. Za ka ga aikin Nuwamba ashe tun Satumba yake somawa, lokacin da hankalin kowa yana wajen girbin hatsi. Tun ran gini, ran zane.

Gaban kwanan wata kuma, sai suna. Aikin da aka ce "a yi" ba a yin sa. Wane ne zai tafi Maraɗi neman makaniki? Wace ce za ta karɓi kuɗin mata masu zogale? Rubuta. Akwai shugabannin da ke riƙe komai a hannunsu, har mabuɗin mangaza, don su ji ana nemansu. Ran da suka tafi suna ko jana'iza, aikin mutum ɗari ya tsaya. Ni dai ban ga girma a cikin wannan ba.

Sai maganar taro. In mutum 40 suka zauna awa ɗaya suna jiran shugaba, awa 40 ta tafi. Wannan aikin kwana 5 ne na mutum guda. Kada ku ce "da marece", ku ce "ana sallame la'asar". Kada ku sa taro Litinin ko Juma'a, ranakun kasuwar Maraɗi ne. Magatakarda ya zo da magana uku a rubuce, a gama su, a tashi kafin magariba.

Layin ban ruwa shi ma a rubuta shi da manyan baƙaƙe, a manna inda kowa zai gani: suna, rana, awa. Wanda ya makara ya jira zagaye na gaba, ko da ƙanen shugaba ne.

Ga aikinku na wannan mako. Kowa ya zaɓi aiki ɗaya na ƙungiyarsu, ya rubuta ranar ƙarshe a ƙasa, ya hau sama da ayyuka biyar, kowane da rana da suna. Ku kai wa malaminku ya duba. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba littafin ma'aji.

Ku huta lafiya.