AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Wace Irin Giya Ce A Fijon Gidanku?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani manomin rani a yankin Watari, cikin ƙaramar hukumar Bagwai. Ya ce ya gaji Fijo 504 daga mahaifinsa, ita ke kai iyali asibiti, ita ke kai su biki. To ga giya ta fara fita da kanta, wani dillali kuma ya ce zai kawo masa giyabos mai biyar ko otomatik. Yana tambaya, yaya zai gane wadda ke motarsa, wacce kuma zai saya?

To Malam, mun gode, Allah Ya jiƙan mahaifi. Ita dai 504 a Faransa aka fara fitar da ita a 1968, kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya soma haɗa motoci a 1975, ya yi ta haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. A tsawon wannan lokaci ta fito da giyabos iri uku: na hannu mai giya huɗu, na hannu mai biyar, da otomatik mai uku na kamfanin ZF na Jamus. Mai huɗun shi ya fi yawa a ƙasar nan.

Yanzu sai ganewa. Da farko leƙa ƙasan sitiyari. In ka ga abin takawa uku, wato kuloci da birki da totur, giyar hannu ce. In biyu ne, otomatik ce, za ka kuma ga haruffa irin su P da R da N a gindin sandar giya. Wasu na farko-farko sandarsu a jikin sitiyari take, kada wannan ya ruɗe ka, ƙafa za ka duba.

Tsakanin huɗu da biyar kuwa, a nan ake cutar mutane. Kada ka yarda da lambobin da ke kan mariƙin giya, domin shi ana cirewa a sa wani cikin minti ɗaya. Hau titi da direban da ka amince da shi, ku ƙirga giyar ɗaya bayan ɗaya, ban da ribas. In kuma a ƙasa aka ajiye maka giyabos ɗin, kamar a Ƙofar Ruwa, sa bakanikenka ya shigar da kowace giya yana juya shaf da hannu. Na otomatik ba ya ɓuya: yana da faranti mai faɗi na mai a ƙasansa, da ɗan allon ƙarfe mai sunan ZF a jiki, mansa kuma ja ne. In man ya yi baƙi yana warin ƙuna, ka kama gabanka.

To wanne ya dace da kai? Giya ta biyar amfaninta a doguwar kwalta ne, kamar daga Bichi zuwa Katsina, inji ya huta, mai ya ragu. A hanyar burji ta gefen dam, ga kaya ga yara, da ɗaya da biyu za ka yini. Sannan a auna tsawonsa da naka kafin ka biya, don in sun bambanta sai ka sake sayen shaf. Ka tuna kuma ƙafar baya ta salun daban take da ta wagon.

Otomatik kuwa, wallahi akwai daɗin tuƙi, amma ba a tura ta ta tashi. Ka ƙaddara cikin dare naƙuda ta kama uwargida, batir ya yi sanyi. Mai kuloci, samari uku sun isa. Waccan sai an nemo batir.

Shawarata, kafin ka sayar da buhun shinkafa ko ɗaya, a buɗe naka a duba. Sau da yawa giya mai fita 'yan ƙananan kaya ne suka cinye a ciki, a canja su ta koma daidai. In sayen ya zama dole, nemi irin wanda ka cire, bisa sharaɗin in bai yi ba za a mayar, a gaban shaidu.