Jawabi a kan Tsanin Malamin Makaranta

  

Abin da za a yi magana a kansa yau shi ne malamin makaranta wanda ya tsufa a cikin aji, da irin girman da aka tanadar masa, ko kuwa aka manta ba a tanada ba.

A zamanin En'e, kowane ofis yana da tsaninsa. A ɗauki misalin kotu. Yaro yakan fara da rubuta sammaci, in ya yi karatu ya zama muhuti, sa'an nan a naɗa shi alkalin gunduma, watakila wata rana ya zama Alkalin Alkalai. Duk hawan nan da yake yi, shari'a ce dai yake yi. Kullum ya hau, sai a kawo masa ƙararraki masu nauyi, jama'a kuwa su ci amfanin gogewarsa. To, tsanin malamin makaranta dabam ne, domin an jingina shi ne a bakin ƙofar aji, daga waje. Wanda ya so hawa, lalle sai ya ajiye alli ya fita.

A dubi waɗanda suka fito daga Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922 musamman domin horon malamai. Malam Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato daga 1931, a 1934 aka naɗa shi hakimin Rabah. Malam Abubakar Imam ya koyar a Midil ta Katsina, a 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a Midil ta Bauci har ya shugabance ta, a 1945 aka aika da shi Landan ƙarin karatun koyarwa, da ya komo sai aikin duba makarantu da zaman majalisa, har ya zama Firayim Minista a 1957. Malam Aminu Kano, wanda ya yi kwalejin bayan an mai da ita Kaduna, ya kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, a 1950 ya bar koyarwa ya shiga siyasa. Ba laifinsu ba ne, ƙasa tana bukatarsu, masu ilmin boko kuwa a lokacin ba su da yawa. Amma kowane ɗayansu ya fita, an bar aji guda da ƙaramin malami, yara kuwa ba wanda ya tambaye su.

Akwai kuma wanda bai fita ba. Shi sunansa bai shiga jarida ba, sai dai littafin albashi na Baitulmali. Yana elementare ta ƙauye, yana koya wa yara ƙirga da tsakuwa da karan dawa. Ya san yaron da ya zo bai karya kumallo ba. Ya san wanda dagaci ya kamo ɗan bara ya aiko da shi a madadin ɗansa, don gudun boko, ya kuma san yadda zai lallashe shi har ya daina gudu. Yaro ya kasa gane harafi, ya san ko ido ne, ko kunne ne, ko tsoron bulala. Irin wannan sani ba ya cikin satifiket, shekaru ne suke kawo shi. Sai ga shi wata rana yaron da ya koya wa baƙi da wasali ya komo daga kwaleji da takarda, an sa shi ya duba aikinsa, tsohon malami ya tashi tsaye ya ba shi kujera. Kai, wannan abu yana da ciwo, ko da mutum ya haɗiye.

Kada a ce En'e ba ta da hanyar girmama mutum. A 1935 Shehun Borno ya naɗa Malam Kashim Ibrahim Shettima yana cikin aikin makarantu. Ashe rawani yana iya samun malami tun bai bar makaranta ba. Abin da ya rage shi ne a mai da wannan al'ada, kada ya zama sai mai sa'a.

An rushe tsarin En'e a 1976, albashin malamai ya bar hannun Ma'aji. A 2022 kuma aka sa hannu a dokar da ta ba malami damar kaiwa shekara 65 da haihuwa, ko shekara 40 yana aiki, kafin ya yi ritaya. Madalla da wannan. Amma dokar shekaru ta ƙara, ba ta yi maganar muƙami ba, kuma in an tsawaita wa mutum zama a matakin da ya gaji da shi, ba a ce an ɗaukaka shi ba.

Saboda haka abin da ake roƙon hukumomin ilmi shi ne a shigo da tsanin nan cikin aji. A yi muƙamin babban malami wanda albashinsa zai kai na shugaban makaranta, ba tare da an ɗora masa rajista da rasit ba. Kada a ba da shi don yawan shekaru kaɗai, gama akwai wanda ya shekara talatin yana maimaita shekararsa ta fari. A je a zauna a bayan ajinsa a gani, a buɗe littattafan yara, a sa su karanta da baki. Wanda ya ci, sai a riƙa turo masa sababbin malamai su zauna wurinsa kamar yadda muhuti yake zama gefen alkali, a kuma biya shi ladan wannan horo.

Sarakuna kuwa, Allah ya ba ku nasara, sarauta da riga da alkyabba har yanzu suna hannunku. Kowane hakimi ya san tsohon malamin da ya koyar da rabin dagatan ƙasarsa. Ana roƙo ya rubuto sunansa ya aiko majalisa kafin Sallah, tun mutumin yana da ƙafar zuwa fada.